Abin da littafin lakwal ya koya wa yara a zamanin yaƙi

  

A taron ƙungiya na bayan sallar layya an tsai da shawara cewa kuɗin da ƴan bida suka aiko bana za a sayi littattafan karatu da su domin yaran lakwal na garinmu. Da aka zo kan waɗanne littattafai za a saya, ɗaya daga cikin iyayenmu ya ce littafi ai littafi ne, a nemi mai araha a saya da yawa. Ban tanka ba a wurin, domin ba tarbiyya ba ce yaro ya yanke wa babba magana a tsakar jama'a. Amma zancen ya kwana mini a rai, har na roƙi shugaban ƙungiya ya ba ni fili a nan. Baba, ka gafarce ni, ba gardama nake yi da kai ba. Labari zan bayar na wasu littattafai da Nasara suka rubuta wa yara a zamanin yaƙe-yaƙensu, in mun ji shi sai mu komo kan shawararmu. Waiwaye adon tafiya ne.

Yadda abin ya faro a Faransa

A shekarar 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa, kuma Faransa ta sha kashi ƙwarai. An kama sarkinta Napoleon na Uku a garin Sedan ran 2 ga Satumba. Da aka yi sulhu a watan Mayu na 1871, Jamus ta yanke lardin Alzas da wani yanki na Loren ta haɗa da ƙasarta, ta kuma aza wa Faransa tara ta faran miliyan dubu 5. Wannan kunya ta zauna wa Faransawa a zuciya. Manyansu suka shiga binciken inda aka yi kuskure, da yawa suka ce ai malamin makarantar Jamus shi ya ci yaƙin tun kafin a harba bindiga, domin sojan Jamus ya iya karatu kuma ya san abin da yake yi wa faɗa. Manomin Faransa kuwa, a wurare da yawa, ko Faransanci bai iya sosai ba a lokacin, harshen lardinsu yake yi, kuma iyakar duniyarsa ita ce kasuwar da yake ci.

Saboda haka suka juya kan yara. A 1881 da 1882 wani minista mai suna Jules Ferry ya sa aka yi dokoki: karatun firamare kyauta ne, tilas ne ga kowane yaro mace da namiji daga shekara 6 zuwa 13, kuma an raba shi da koyarwar coci. Kafin dokokin nan da ƴan shekaru, a 1877, wani littafin karatu ya fito wanda ya zama kamar fatanya a hannun kowane malami. Sunansa Le Tour de la France par deux enfants, watau zagayen Faransa da yara biyu suka yi. Mace ce ta rubuta shi, Augustine Fouillée, amma ta ɓoye sunanta ta sa G. Bruno a bango.

Labarin marayu biyu ne, wa da ƙane, André mai shekara 14 da Julien mai shekara 7. Ubansu ya rasu a garin Falsbur, cikin yankin da Jamus ta ƙwace. Suka sato jiki suka ƙetare sabuwar iyaka, suka nufi Marsai neman ƙanen ubansu, domin kada a rubuta su Jamusawa. Kan hanya suka ratsa ƙasar lardi bayan lardi, kuma ko'ina suka sauka sai an nuna musu wani abu. Nan tsohuwa ta koya wa Julien yadda ake kula da saniya da tsabtace ƙwaryar nono. Can suka ga yadda ake cuku a kan duwatsu, da yadda ake kiwon tsutsar siliki da ganyen itace, da yadda ake narka ƙarfe a babbar maƙera ta Kirezo. A Pari suka shiga gidan namun daji. Littafin yana da zane wajen 200, kowane da ɗan bayani a ƙarƙashinsa, kuma kowane babi yana farawa da gajeren wa'azi kan halin kirki. A ƙarshe yaran suka zauna a wata gona da yaƙi ya lalata, suka tada ta da ƙarfinsu.

Irin wannan koyarwa tana da suna. Mu da muka fito makarantar horon malamai mun san ta da leçon de choses, watau darasin abubuwa: ka kawo abin a gaban yaro, ya gani, ya taɓa, ya sansana, sa'an nan ka ba shi sunansa da amfaninsa. Hanya ce mai kyau, har gobe ina aiki da ita, domin gani ya kori ji. Amma marubuciyar ba ta tsaya nan ba, kuma ba ta ɓoye nufinta ba. A gabatarwar littafin ta nuna cewa yaro in ya san ƙasarsa zai fi son ta, in ya so ta zai fi yi mata aiki. Ke nan saniyar da Julien ya gani saniyar Faransa ce, kogin na Faransa ne, dutsen na Faransa ne. Yaro yana koyon tatsar nono, yana kuma koyon cewa akwai wata uwa babba da ta mallaki wannan duka, an yanke mata hannu ɗaya, kuma ana bin sa bashin ta.

Kafin 1914 an sayar da littafin nan fiye da miliyan 6. A bangon aji da yawa akwai taswira wadda aka shafa wa Alzas da Loren launi na dabam, kamar na makoki. A 1882 har an kafa rundunonin ƴan makaranta, yara maza suna fareti da bindigogin katako. Yaran da suka karanta labarin André da Julien su ne suka zama sojojin da suka shiga ramuka a 1914. Faransa ta karɓo Alzas da Loren a 1918, amma ta binne mazajenta wajen miliyan 1 da dubu 400.

Da yaƙin ya shigo cikin aji

Daga 1914 zuwa 1918 yaƙi ya cika makarantun Faransa. Shifta a kan soja ake yin ta, lissafi a kan harsashi da abincin runduna, ƴan mata suna saƙa wa na bakin daga safa da rigunan sanyi. Da maza suka ƙare a ƙauyuka aka sa yaran makaranta noman filayen da aka bari. Ita kuma Augustine Fouillée, ta tsufa a lokacin, ta sake fitar da wani littafi a 1916 mai suna Le Tour de l'Europe pendant la guerre, ta komo da mutanen gidan nan na littafin farko domin ta bayyana wa yara ƙasashen da ke cikin yaƙin da dalilin da ya sa Faransa ke da gaskiya.

Abokan Faransa ma haka suka yi. A Ingila, da kaka ta 1917, an sa yaran makaranta su shiga daji su tsinto ƴaƴan wani itace na ƙasarsu, ba a ko gaya musu dalili ba. Ashe gwamnati tana so ta tatsi wani sinadari daga cikinsu wanda ake haɗa albarushi da shi. Yaro ya fita koyon sunan itace, ya dawo da abincin igwa a buhu.

Littafin da aka yi domin mu

To, a nan ne labarin ya iso ƙofarmu. Tun 1910 wani hafsa mai suna Charles Mangin ya rubuta littafi yana cewa Faransa ba ta da yawan haihuwa kamar Jamus, sai ta cike giɓin da baƙaƙen sojoji daga Afirka. Da yaƙi ya yi zafi aka bi shawararsa. An ɗebi mazaje fiye da dubu 160 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, waɗanda ake kira A.O.F., kuma wajen dubu 30 na sojojin baƙar fata ba su komo gida ba. A 1918 kaɗai, da aka aiko Blaise Diagne, ɗan majalisa mutumin Senegal, an ɗauki wajen dubu 63.

Ana cikin wannan, a 1916, aka buga wani littafin karatu a Pari musamman domin makarantun A.O.F. Sunansa Moussa et Gi-gla, Louis Sonolet da A. Pérès suka rubuta shi. Wanda ya san littafin André da Julien, da ya buɗe wannan zai gane ƙanensa ne. Nan ma yara biyu ne, amma baƙaƙe, suna ratsa ƙasashen A.O.F., suna koyon amfanin gona, da dabbobi, da tsabta, da jirgin ƙasa, da kasuwanci. Nan ma kowane darasi yana da wutsiya. Wutsiyar ita ce: kafin Nasara ya zo babu komi sai yaƙi da kamun bayi, Faransa ce ta kawo lafiya, saboda haka yaro ya so ta, ya biya lanho ba da ƙunƙuni ba, ya girmama aikin gona da aikin soja. An yi ta sake buga littafin har bayan yaƙin duniya na biyu.

Shugaban ilmi na A.O.F. a lokacin, Georges Hardy, bai rufa wa kowa asiri ba. Littafin da ya wallafa a 1917 kan makarantun nan ya sa masa suna Une conquête morale, watau cin ƙasa ta hanyar zukata. Bindiga ta gama nata aikin, saura allo da alli.

Yanzu mu dubi halin da ƙasarmu take ciki a shekarar da littafin ya fito. Sojoji ke mulkinta, hedkwata tana Damagaram tun 1911. Mutane ba su gama farfaɗowa daga yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ba. A 1916 Fihirun, sarkin Abzinawan yamma, ya tayar wa Nasara, aka murƙushe shi a shekarar. A watan Disamba na 1916 Kaosan ya kewaye barikin Agadas, bai ɗaga ba sai farkon Maris na 1917 da runduna ta taso daga Damagaram. Abin da ya biyo baya a Abzin, na kashe malamai da korar jama'a da kwashe raƙuma, mutanen can ba su manta ba. A kudu kuwa, in aka ji masu ɗibar soja sun taso, samari sukan tsallaka ƙasar Ingilishi su ɓuya wajen dangi. Wannan ita ce lafiyar da littafi yake gaya wa ɗan lakwal an kawo masa.

Gaskiya dai ba ta son a rage ta. Akwai abin amfani cikin littattafan nan. Sauro shi ke kawo zazzaɓi, gaskiya ne. Ruwan tabki yana sa ƙurƙunu, gaskiya ne. Lambar agana tana tsare rai, gaskiya ne. Kamun bayi ma ba ƙage ba ne, kakanninmu sun san shi, kuma dokar 1905 ta hana cinikin mutane a A.O.F. Ƙarfin littafin daga nan ya fito. Yaro ya gwada zancen sauro ya ga haka ne, ya gwada zancen gyaɗa ya ga haka ne, to don me zai yi shakkar layin ƙarshe? Da zuma ake ba yaro magani, ya haɗiye duka bai tambayi abin da ke ciki ba.

Bambancin Julien da Musa shi ne abin lura. Julien in ya girma ɗan ƙasa ne: zai jefa ƙuri'a, gonar da ya gyara tasa ce, alƙali ɗaya ne ke yi masa shari'a da mai kuɗi. In an ce ya mutu domin ƙasa, aƙalla yana da rabo a cikinta. Musa kuwa talakan mulki ne. A duk A.O.F., in ka ɗebe mutanen garuruwa 4 na Senegal, watau Dakar, Gore, Sanluwi da Rufisk, da wasu ƴan tsiraru, babu mai matsayin ɗan ƙasa. Kumandan yana da ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Akwai aikin tilas, akwai lanho. An ce wa Musa ya so uwa, amma ba a sa shi cikin masu gado ba. Littafin André da Julien kansa yana da shafi mai zanen jinsunan mutane 4, an ɗora farar fata a sama da sauran. Ba a daina aikin tilas a doka ba, ba a kuma ba mu sunan ƴan ƙasa ba, sai a 1946, bayan an sake zubar da jinin baƙaƙe a yaƙi na biyu.

Iyayenmu da suka ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu in an zo ɗibar ƴan lakwal, an daɗe ana kiransu jahilai. Ni dai ban ƙara kiransu haka ba tun da na san wannan tarihi. Ba su karanta littafin ba, amma sun ga hannun da ya miƙo shi, shi ne hannun da ke karɓar lanho da ɗibar soja.

Gonar lakwal da hoton Mareshal

Bayan yaƙin farko darasin abubuwa ya fita daga littafi ya shiga gona. Jules Brévié, wanda ya yi gwamnan Nijar tun da aka mai da ita koloni a 1922, ya zama babban gwamnan A.O.F. a 1930. A zamaninsa aka yaɗa abin da suka kira makarantun karkara, inda yaro yake cin babban rabon yininsa da kalme a hannu, a gonar lakwal ko a lambu. Suka ce domin kada ɗan manomi ya raina noma. Iyaye kuwa suka ce, in noma ne ai muna da gona a gida, kuma mun fi mushe sanin ta. A wannan zamani ne littattafan Mamadou et Bineta na André Davesne suka bazu, waɗanda dattawanmu da suka yi lakwal suke tunawa har yau. An watsar da tsarin makarantun karkara bayan taron Barazabil na 1944.

Yaƙi na biyu ya zo da abin da ya fi ba ni mamaki. A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa, Mareshal Pétain ya karɓi mulki ya yi sulhu da ita. Gwamnatinsa ta riƙa wa'azin komawa gona, tana cewa birni da boko ne suka lalata ƙasa. A makarantun Faransa aka rataya hotonsa, yara suna rera masa waƙa, ana kuma fitar da su aji-aji su tsince wani ƙwaro da ke cin ganyen dankalin Turawa. Babban gwamnan A.O.F., Pierre Boisson, ya bi Pétain, saboda haka Nijar ma ta bi. Amma maƙwabciyarmu Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle tun ran 26 ga Agusta 1940. Ke nan ɗan lakwal na Damagaram ana koya masa de Gaulle maci amana ne, ɗan lakwal na Cadi ana koya masa shi ne mai ceto, su biyun kuma kishin Faransa ake ce musu suna yi. A watan Nuwamba na 1942 A.O.F. ta juya ta koma ɓangaren masu yaƙi da Jamus. Ba a daɗe ba aka sauke hoton Mareshal, aka daina waƙarsa, wanda ake zagi jiya ya zama abin yabo.

Darasin sauro bai sake ba tsakanin 1940 da 1943. Darasin gero bai sake ba. Layin ƙarshe kaɗai aka goge aka rubuta wani. Duk wanda ya riƙe alli ya kamata ya tuna da wannan.

Gawo na wane ne?

Bari in kawo misali ɗaya daga gonakinmu, domin a ga inda zancen littafi yake taɓa tuwo. Kowane yaron garinmu ya san gawo. Yana zubar da ganye da damana, lokacin da sauran itatuwa ke tohuwa, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa. Ganyen da ya zuba taki ne. Da rani ya yi kore, bisashe su sami inuwa da ƴaƴansa. Hatsin gindin gawo ya fi na fili kai. Ba Nasara ya koya mana wannan ba. Tun kafin zuwansa ana ba da labarin sarakunan Damagaram sun hana saran gawo, da horo mai tsanani.

Amma ran 4 ga Yuli 1935 aka yi dokar daji ta A.O.F., wadda ta sa dazuzzuka da manyan itatuwa masu amfani ƙarƙashin ikon gwamnati. A aji ana koya wa yaro amfanin itace, a gona kuwa ubansa yana tsoron ma'aikacin daji ya ci shi tara kan reshen da ya sara a gonarsa ta gado. Abin da ya biyo baya shi ne manomi ya riƙa kashe ɗan itace tun yana toho, kada ya girma ya zame masa shari'a. Bayan mun sami mulkin kai a 1960 ma tsarin bai sake da wuri ba. Daga 1975 aka haɗa bikin 3 ga Agusta da dashen itatuwa, an dasa da yawa, da yawa sun mutu. Sai bayan farin 1984, da aka sassauta wa manoma suka ga itacen gonarsu nasu ne, sa'an nan sassaben zamani ya yaɗu a ƙasar Maraɗi da Damagaram: a bar kututture ya tohu, a rage masa rassa, a tsare shi. Masu bincike da suka auna da hotunan sama sun ce fili wajen eka miliyan 12, watau hekta miliyan 5, ya sake yin itatuwa ta wannan hanya. Babu littafin da ya yi wannan aiki. Mutum yana tsare abin da ya tabbata nasa ne, kishin ƙasa na gaskiya ma daga nan yake tsirowa.

Mu komo kan shawararmu

Iyayena da ƴan uwana, ba ina cewa kada a koya wa yaro son ƙasarsa ba ne. Ni kaina kowace safiya ina tsayar da yara gaban tuta. Ƙasarmu tana cikin wahala, tun 2015 ake zubar da jini a yankin Difa, daga baya abin ya kai Tilaberi da arewacin Tawa, akwai ƴaƴan garin nan cikin soja, kuma akwai makarantun da aka rufe saboda tsoro. A irin wannan lokaci zancen kishin ƙasa yana bakin kowa, kuma a irin wannan lokaci ne aka rubuta littattafan da na ba ku labari. Shi ya sa nake roƙon kwamitin sayen littattafai, kafin su biya ko dala, su buɗe kowane littafi su yi masa tambaya uku.

Ta farko: abin da yake faɗa kan itace, da dabba, da ruwa, da cuta, gaskiya ne, kuma yaro zai iya fita waje ya gwada da idonsa? Ta biyu: itatuwan da dabbobin da ke ciki, yaronmu ya san su, ko kuwa na wata ƙasa ne da bai taɓa gani ba? Ta uku, wadda ta fi nauyi: a ƙarshen darasi me ake nema daga wurin yaron? In ana so ya tsare rijiya, ya ji ƙan maƙwabci ko da ba harshensu ɗaya ba, ya san haƙƙinsa da haƙƙin da ke kansa, to madalla. In kuwa ana so ya ƙi wasu mutane, ko ya yabi wani mutum guda, a ajiye littafin ko da kyauta ne. Mun ga yadda ake sauke hoto daga bango.

Ina kuma roƙon a nemi waɗansu da Hausa. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 an rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ni da Faransanci aka horar da ni, da shi nake koyarwa, ba na raina shi. Amma na lura in na ce wa yara su kawo sunayen itatuwa da Faransanci, da ƙyar mu kai 5. In na ce da Hausa, sai allo ya cika: gawo, kuka, aduwa, magarya, kalgo, sabara, tsamiya, ɗorawa, kanya, marke, ƙirya, har sai na ce ya isa.

Roƙona na ƙarshe ba ya cin kuɗi da yawa. A ware kaɗan a sayi kaye da biro. Kowace Alhamis zan aiko yara biyu-biyu wurin iyayenmu dattawa, su zauna su rubuta abin da kuka sani: sunayen ciyayi da wadda ke kashe tunkiya, taurarin da ake duba shuka da su, shekarun yunwa da abin da aka ci aka rayu, wanda ya gina tsohuwar rijiya, da sunayen mutanen garin nan da aka ɗiba soja ba su komo ba. Ku kuma ƴan bida, André da Julien ƙage ne, ku kuwa da ƙafarku kuka zaga. Kowane ɗayanku ya aiko da wasiƙa shafi guda: me ake nomawa inda kake, wane itace ka gani wanda babu shi a gida, yaya teku take, me ka iske mai kyau, me ka iske mai ɗaci. Kada a ƙara gishiri. In Allah ya yarda, kafin damana ta zagayo za mu buga su da injin da ake buga wannan takarda, mu ɗinke, mu ba yara.

Baba, ka ji dalilin shiruna a wurin taro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, waɗanda suka mulke mu sun san haka sarai. In na yi kuskure a gyara mini a taro mai zuwa, ni ɗanku ne.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kawo mana zaman lafiya, shi maido matafiya gida lafiya. Wassalam.